Kan kibiya a bakin kwazazzabo

Kan kibiyar dutse na farko da na tsinta ban fita nemansa ba. Ruwa ne ya kwana yana zuba, da safe na bi ta bakin wani kwazazzabo, sai wani abu ya yi mini ƙyalli a cikin tsakuwar da ruwa ya wanke. Na tsuguna na ɗauka. Tsawonsa bai wuce gaɓar babban yatsa ba, launinsa kamar zuma, ga tsini, ga kunnuwa biyu a gindi, ɗaya ya karye. Da na goge taɓon da gefen riga na ɗaga shi wajen rana, sai na ga duka fuskokinsa biyu an bi su da ƙananan sassaƙa a jere, kamar saƙar tabarma. Gefensa kuwa har a lokacin yana kama fatar yatsa. Na daɗe a tsugune. Wani mutum ne ya zauna ya yi wannan da hannunsa, ya ɗaura shi a kan kyauro, ya harba, kuma mai yiwuwa tun ranar da ya faɗi babu hannun da ya taɓa shi sai nawa.

Daga nan idona ya koma ƙasa. Shekara guda na yi duk inda na bi ina tsintar abin da ya yi mini kama da aikin hannu, ina zubawa cikin wani gwangwani. Da ya kusa cika sai aka kwatanta mini wani dattijo, tsohon malamin makaranta, wanda a ƙuruciyarsa ya yi aikin haƙa tare da masu binciken kufai. Na ɗauki gwangwanina na je.

Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya juye su, ya ƙirga guda 43. Bai yi magana ba sai da ya ware 29 gefe guda. Ya ce, "Ɗana, waɗannan aikin ruwa ne da rana da garma. Babu hannun ɗan Adam a cikinsu." A cikin waɗanda ya ware har da wani mai kusurwa uku da na fi alfahari da shi. Na ce, "Malam, ai wannan ga tsininsa nan." Ya ce tsini ba shaida ba ne, duk dutsen da ya fashe yana iya yin tsini. Sai ya ɗauko wani falle mara kyan gani daga cikin 14 da suka rage, wanda ni ban ma ɗauke shi a bakin komai ba, ya ce in miƙo yatsa.

Abin da ya koya wa yatsana a ranar shi nake aiki da shi har yau. Duwatsun da mutanen farko suka fi so su ne masu laushin ƙwaya, irin dutsen ƙyastu da danginsa, da baƙin gilashin da dutse mai aman wuta ke fitarwa, domin suna fashewa yadda gilashi ke fashewa. Idan an bugi irin wannan dutse a kusa da gefe, ƙarfin bugun yana ratsa shi ya ɓalle falle. A saman fallen akwai ɗan shafaffen wuri inda bugun ya sauka. Daga ƙasan wurin, ta fuskar da ta rabu da uwar dutsen, akwai wani kumburi mai santsi, kamar ƙurji a ƙarƙashin fata. Daga kumburin kuma wasu layuka ne suke bazuwa, irin waɗanda ake gani idan an jefa tsakuwa a tafki, kuma su ne ke nuna ta inda bugun ya fito. Idan ka juya bayan fallen, sau da yawa za ka ga gurabun waɗansu fallayen da aka riga aka cire kafin shi. Wannan shi ya fi komai ƙarfi, don kogi yana iya gwara dutse da dutse sau ɗaya ya fitar da falle, amma ba ya zama ya cire biyar a jere ta gefe ɗaya. Dutsen da sanyi ko zafi ya fasa, kumburinsa a tsakiya yake, ya fita kamar murfin tukunya, babu wurin saukar bugu. Wanda wuta ta ci yakan yi tsage-tsage kamar busasshen tabki. Wanda garma ta buga kuwa ɓallinsa sabo ne fes, launinsa ya saɓa da tsohuwar fatar dutsen, wani lokaci har da jan tabon tsatsa inda ƙarfe ya goga.

A cikin 14 ɗin, kawunan kibiya uku ne kacal. Sauran fallaye ne, da makankara biyu da aka gyara bakinsu ya yi kauri don kankare fata, da gatarin aradu ɗaya, kore-kore, an goge bakinsa ya yi sumul. Malam ya ce ba mu kaɗai muka jingina shi ga tsawa ba, mutanen Turai da na Asiya ma sun daɗe suna cewa daga sama yake faɗowa. Gatari ne na mutanen ƙarshen zamanin dutse, waɗanda suka fara noma da kiwo, sun ɗauki kwanaki suna goga shi a kan wani dutsen da ruwa da yashi, sannan suka yi masa ƙota.

Sai ya ɗaga kan kibiyar nan mai launin zuma ya ce, "A ina ka tsinci wannan?" Na faɗa masa, don shi kam na tuna. Ya ɗaga na biyu. Na yi shiru. Ya ɗaga gatarin, na ce ina jin a wata gona ce, ko kuma a bakin rafi. Ya ajiye shi a hankali. Bai yi mini faɗa ba, amma na ga abin ya taɓa shi. Ya ce dutse ba ya faɗin shekarunsa. Awon nan na kabon da ake ji, gawayi yake aunawa da ƙashi da itace, abin da ya taɓa rayuwa, kuma ba ya wuce shekara 50,000 ko kusa da haka. Shi dutse, abin da ke kwance kusa da shi da ƙasar da ta rufe shi su ne masu ba da shaidarsa. Ka raba shi da wurinsa ba ka rubuta ba, ka yanke masa harshe.

Ya ba ni labari biyu da ban manta ba. A Faransa akwai wani ma'aikacin kwastan a garin Abbeville, Boucher de Perthes, wanda ya yi shekaru yana tara gaturan hannu daga tsakuwar kogin Somme yana cewa mutane ne suka yi su tun zamanin dabbobin da suka ƙare a duniya. Masana suka yi biris da shi. Sai a 1859, da Joseph Prestwich da John Evans suka zo daga Ingila suka ga gatari ɗaya yana maƙale a bangon ramin tsakuwa a Saint-Acheul, a can ƙasa inda babu wanda ya taɓa, har aka ɗauki hotonsa a wurin kafin a cire, sannan aka yarda. Na biyu a Amurka ne, kusa da Folsom a jihar New Mexico, a 1927. An tarar da kan mashi tsakanin haƙarƙarin wani irin ɓauna da ya ƙare tun da daɗewa, masu haƙan suka dakata, suka bar shi yadda yake har masana suka zo suka gani da idonsu. Da sun zare shi sun kai a aljihu, da gardamar daɗewar mutane a nahiyar ta ci gaba. Na koma gida da gwangwanina, raina a jagule. Duwatsu 13 na gaske na kashe da hannuna, kuma babu hanyar gyarawa.

Daga nan na sake lale. Abu na farko da na bincika shi ne doka, domin kowace ƙasa da tata. Akwai inda duk wani kayan tarihi da ke cikin ƙasa mallakar gwamnati ne, ko ɗauka ba a yarda ka yi ba. A Amurka dokar 1979 ta hana haƙa da kwasar kayan tarihi a filayen gwamnatin tarayya sai da izini. A Ingila kuwa tun 1997 akwai tsarin da mai tsintuwa ke kai abin da ya samu a rubuta a rajista, a ɗauki hoto, a mayar masa. Ni gidan adana kayan tarihi mafi kusa da ni na je, na tambayi abin da ya halatta da wanda bai halatta ba, na kuma bar musu sunana. Haƙa dai na haramta wa kaina ita ko da doka ta yi shiru. Abin da ruwa ko garma suka fito da shi sarari ya riga ya motsa daga makwancinsa. Wanda ke binne kuwa yana nan tare da shaidunsa, kuma mai tona shi ba da sani ba ɓarna kawai yake yi.

Sai izinin mai ƙasa. Ba na taka gonar kowa sai na same shi na gaishe shi, na nuna masa irin abin da nake nema a tafin hannu. Da yawa sukan ɗauka zinariya ce ko wani ma'adini nake bi, shi ya sa nake dawowa in nuna musu duk abin da na samu kafin in tafi. Wani dattijon manomi da na yi wa haka ya juya makankarin da na tsinta a gonarsa, ya ce, "Yaro, irin waɗannan ai shekara da shekaru ina watsar da su bakin iyaka." Ya kai ni wurin. Tarin duwatsun da ya tsince daga gonar yana nan, kuma a ciki na samu uwayen dutse biyu da gurabun fallaye kewaye da su.

Lokacin fita shi ne bayan an yi huɗa kuma ruwa ya sauka a kai sau ɗaya ko biyu. Sabuwar huɗa ba ta nuna komai, ƙura ta rufe kowane dutse. Ruwa ne ke wanke su, har wani lokaci ya zaizaye ƙasar da ke kewaye ya bar dutsen a kan ɗan tudu kamar an ɗora shi da gangan. Na fi son sassafe ko la'asar, lokacin da rana ke kwance, don haskenta na gefe shi ke fito da sassaƙa. Wurin nema kuma inda mutum zai so zama ne: tudu kusa da ruwa wanda ambaliya ba ta kaiwa, mahaɗar rafuka biyu, gefen tsohon tafkin da ya ƙafe. Ina bin kunya ɗaya har ƙarshe, in tsallake biyu ko uku in dawo, a hankali kamar mai neman allura. Na daina neman siffar kibiya, don wanda ke neman cikakkiyar kibiya zai taka goma da suka leƙo da gefe kawai bai gani ba. Launi nake nema, da ƙyalli irin na kakin zuma, da gefe mai kaifi a cikin duwatsu masu dakusasshen baki. Yawancin ranaku fallaye biyu ko uku ne rabona. Akwai ranakun da nake dawowa hannu rabbana, wuya ya ƙage, kuma ba na jin na yi asara, don ita ma gonar da babu komai ina rubuta ta.

Idan na ga abu, hannuna ba ya fara zuwa kansa. Waya nake fara fitarwa in ɗauki hotonsa yadda yake kwance, da ɗan ma'auni a gefensa, in ɗauki lambobin wurin a taswira. Sannan in ɗauka in sa a 'yar leda shi kaɗai, tare da takardar da na rubuta lamba da kwanan wata da fensir, saboda tawada tana narkewa da danshi. Ba a haɗa biyu a leda ɗaya, suna gogar juna su ci bakin juna. A gida ruwa zalla da tsohon buroshin haƙori sun isa, ba sabulu mai ƙarfi, ba mai, ba goga da ƙarfe. Wanda na ga wani baƙin abu ya manne a gindinsa ba na ma wanke shi, domin yana iya zama ragowar ƙaron da aka liƙa shi da shi a kan kyauro, kuma wannan ya fi dutsen kansa daraja a wurin masu bincike. In ya bushe sai in rubuta lambarsa ƙanana a gefen da babu aiki, in shigar da shi littafi: tsawo, faɗi, kauri, nauyi, irin dutsen, da zanen da na yi da hannuna. Zanen nan yana cin lokaci, amma sai ka zauna zana gurabun ɗaya bayan ɗaya kake gane wanne aka fara cirewa, wanne ya biyo baya, da inda maƙerin ya yi kuskure ya gyara.

Littafin ne ya sa na fara karatu, karatun kuma ya nuna mini cewa kibiya ƙanwa ce a wannan gida. Kayan dutse mafi tsufa da aka sani an same su a Lomekwi, yamma da tafkin Turkana a Kenya, shekarunsu miliyan 3.3. Na Gona a Habasha miliyan 2.6. Gatarin hannu mai siffar ɗigon hawaye ya bayyana wajen shekara miliyan 1.7 da suka wuce, aka yi ta yin sa fiye da shekara miliyan ɗaya kusan ba canji. Baka da kibiya sun zo ne daga baya ƙwarai. Da yawa daga abin da masu tarawa ke kira kan kibiya ma kan mashi ne ko wuƙa, don kan kibiya na gaske ƙarami ne mara nauyi, in ya yi nauyi kibiyar ba ta tafiya. Shahararrun kawunan dutse na Amurka da ake kira Clovis, masu shekara 13,000 ko kusa da haka, na mashi ne.

Sau ɗaya na saya, kuma ban sake ba. Wani mai sayarwa a intanet ya tallata kawunan kibiya daga Sahara, goma a ƙulli. Sha'awa ta ja ni, don na karanta yadda hamadar ta kasance kore shar tsakanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, da tafkuna da dorinar ruwa da makiyaya. Da suka iso na kai wa Malam. Ya duba su da gilashin ƙara girma, ya ce bakwai na gaske ne, iskar yashi ta goge su har cikin gurabu. Uku kuwa sababbi ne: a ƙarshen gurabunsu akwai 'yan ƙananan ɓarɓashi farare da ba su gama ɓallewa ba, waɗanda da dutsen ya yi shekara dubu a fili da tuni sun zube, kuma a lungun kunnuwan akwai alamar ƙarfe. Ya ce wannan sana'a tsohuwa ce, tun ƙarni na 19 akwai wani Edward Simpson a Ingila, da ake wa laƙabi da Flint Jack, wanda jabunsa suka shiga har gidajen tarihi. Jabun ba su dame ni kamar na gasken ba. Bakwai ɗin nan wani ne ya bi wani tsohon mazauni ya share shi cikin buhu, babu suna, babu taswira, ya tsallaka da su iyaka, abin da yarjejeniyar UNESCO ta 1970 aka yi ta don hanawa. Kuɗina kuma shi ne zai sa ya koma ya sake sharo wani.

Don in ƙara gane abin da nake gani, na koyi fasa dutsen da kaina. Dutsen bugu mai cika hannu, fata a kan cinya, tabarau a ido, kuma a fili inda iska ke kaɗawa, domin ƙurar irin wannan dutse tana lalata huhu. Gefen da za ka buga dole kusurwarsa ta gaza ta kusurwar bango, in ba haka ba dutsen sai dai ya dakushe. Wata uku na yi kafin in fitar da falle mai tsawon yatsa da gangan. Sassaƙar nan ta saƙar tabarma kuwa ba da bugu ake yin ta ba, da danni ne: ka sa tsinin ƙaho a bakin dutsen ka danna ciki sannan ƙasa, sai siririn falle ya fita ta ɗaya fuskar da 'yar ƙara, ƙyas. Mutumin nan da aka samu a ƙanƙarar tsaunukan Alps a 1991, wanda ake kira Ötzi, mai shekara 5,300, an same shi da irin wannan madanni, guntun ƙaho a cikin icce kamar fensir. Kibau 14 ne a kwarinsa, biyu kacal aka gama. A 2001 hoton asibiti ya nuna kan kibiyar wani a kafaɗarsa ta hagu. Duk ɓarɓashin da na fasa ina tattara shi a kan leda in zuba a shara tare da kwalabe, kada wata rana wani ya tsince shi ya ɗauka na da ne.

Bara, bayan wani ruwa mai ƙarfi, na koma kwazazzabon farko. Gefensa ya zabtare, kuma a wani wuri da bai fi faɗin tabarma biyu ba na ga fallaye birjik, sun fi hamsin, duk dutse iri ɗaya, daga masu faɗin tafin hannu har masu ƙanƙantar farce. Biyu suna kwance kusa da juna, na ɗaga su na kara. Suka haɗu ƙyam, kumburin ɗaya ya zauna cikin gurbin ɗayan, ko gashi ba zai shiga tsakani ba. Bugu biyu ne a jere daga hannu ɗaya. A nan mutumin ya zauna, kuma daga yadda ɓarɓashin ya bazu kamar buɗaɗɗen mafici ina iya ganin inda ya fuskanta. A bangon da ya zabtare, kamu biyu daga sama, akwai baƙin layin gawayi da wasu fallayen suna leƙowa daga cikinsa.

Ledoji na cikin jakata, fensir na aljihu. Na mayar da fallayen biyu daidai gurabunsu a cikin taɓo, na ɗauki hoto ta kusurwa huɗu, na ɗauki lambobin wurin, na je na sanar da mai gonar na roƙe shi kada a bi da dabbobi ta nan. Da yamma na kira gidan tarihi, sannan na kira Malam. Ƙafarsa ba ta kai shi daji yanzu. Ya sa na karanta masa lambobin sau biyu yana rubutawa, ya tambayi zurfin gawayin, ya tambayi ko na taɓa bangon. Na ce ban taɓa ba. Ya ce, "To, madalla. Gobe ka kai musu leda babba su rufe, hadari nake gani a gabas."